Sai An Jefo Ake Cafewa

A wasan zari-rugar Amurka, kafin a taɓa ƙwallo, 'yan wasa goma sha ɗaya na ɓangaren da ke kai hari sukan jeru a fili. Yawancinsu a cunkushe suke a tsakiya: ƙarti biyar sun duƙa kafaɗa da kafaɗa, mai jifa yana bayansu yana ƙwala kiran lambobi. Amma in ka kai ido can gefe, dab da layin fita, za ka ga wani siririn mutum shi kaɗai, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya karkato wuya yana leƙen ƙwallon da ke can nesa da shi. Wannan shi ne mai cafewa. Aikinsa ya zura da gudu, ya zille wa wanda aka sa gadinsa, ya isa wani gurbi a daidai wani lokaci, ya miƙa hannu. Zuwan ƙwallon kuwa ba shi ke da ta cewa a kai ba.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, lissafin ba shi da wuya. Tsawon fili yadi 100 ne. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma; in ta ci a sabunta mata wasu huɗun, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga da ƙwallo gidan ƙarshe ya samo maki shida. Hanya mafi sauri ta cin yadi ita ce jifa, shi ya sa masu cafewa suka yi suna. Sai dai ƙungiya takan kai hari sau sittin da 'yan kai a wasa guda, kuma a mafi yawansu mai cafewa gudun banza yake yi, ko ya tare wa wani hanya. Michael Thomas na New Orleans Saints, wanda ya kafa tarihin yawan cafewa a kaka ɗaya, ya cafe 149 a wasanni 16 na shekarar 2019. In ka raba, tara ne da ɗoriya a kowane wasa. Na gaban kowa ke nan.

Inda wannan zaman jira ya fi fitowa ƙarara, a ganina, shi ne gasar da kwamfuta ke bugawa da kanta. Wadda ta fi shahara tana cikin wasan Madden NFL na kamfanin Electronic Arts. Asalinsa tun 1984 ne, lokacin da Trip Hawkins, wanda ya kafa kamfanin, ya bi tsohon kocin Oakland Raiders, John Madden, cikin jirgin ƙasa don su tattauna, saboda Madden ba ya hawa jirgin sama. Kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfin motsa mutum 22 a lokaci guda, sai aka kawo shawarar a rage, a sa shida ko bakwai a kowane ɓangare. Madden ya kafe cewa in ba goma sha ɗaya ba ne, ba zai sa sunansa ba. Wannan kafewar na cikin abin da ya ja wasan bai fito ba sai 1988. Ita ce kuma ta sa har yau mai cafewa na cikin kwamfuta yake rataye da mutum goma, kamar takwaransa mai jini a jika.

A 1998 aka ƙara wa wasan tsarin riƙe ƙungiya kaka bayan kaka. Wanda ya taɓa riƙe kulob a Football Manager ya san irin zaman. Kai ne mai ƙungiya, kai ne koci, kai ne mai sayen 'yan wasa. Kana iya ɗaukar abin latsawa ka buga wasa da hannunka, kana kuma iya danna maɓalli guda kwamfuta ta buga makon gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido ta miƙo maka sakamako. Ana iya jan gasa ɗaya har kaka talatin, kuma abokai har 32 suna iya raba ƙungiyoyin a tsakaninsu ta intanet. Abin sha'awar yana farawa ne bayan kaka goma ko makamancin haka, lokacin da 'yan wasan gaske suka tsufa suka jingine takalma ɗaya bayan ɗaya. Daga nan gasar ta cika da mutanen da ba uwar da ta haife su. Kwamfuta ce ta haɗa sunan fari da na iyali, ta ba mutum tsawo da nauyi da jami'ar da ya fito, ta manna masa fuska.

Haihuwar mai cafewa irin wannan ranar zaɓen sababbin 'yan wasa take faruwa. Zagaye bakwai ake yi, kamar a gasar gaske, ƙungiyar da ta fi shan kashi bara ita ke fara zaɓa. Kafin ranar, an riga an fitar da sakamakon gwaje-gwaje, kwaikwayon wanda ake yi duk shekara a birnin Indianapolis: tsalle, ɗaga ƙarfe, da gudun yadi 40. A nan idon kowa yake rufewa. Mai cafewa yana da awo iri-iri, kowanne ba ya wuce 99: akwai na gudu, akwai na saurin tashi, akwai na riƙe ƙwallo, akwai na cafewa cikin cunkoso, akwai na kuɓucewa daga mai gadi a bakin layi, akwai na iya bin hanya gajera da matsakaiciya da doguwa. Amma sabon shiga gudu kaɗai yake dubawa. Ba laifinsa ba ne, manya ma suna faɗawa ramin. A 2017 John Ross ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 4.22, ya kafa tarihin da ya tsaya har 2024, lokacin da Xavier Worthy ya yi 4.21. Cincinnati Bengals suka ɗauki Ross a matsayi na tara cikin dukan 'yan wasan shekarar. Ya gama kakarsa ta farko bai cafe ko ɗaya ba. Shi kuwa Puka Nacua, sai a zagaye na biyar Los Angeles Rams suka waiwaye shi a 2023, mutum 176 sun riga shi tafiya, amma ya cafe 105 ya ci yadi 1,486 a shekarar farko.

Masu tsara wasan sun san da wannan, sai suka ɓoye wani abu. Kowane yaro yana da matakin saurin haɓaka, daga na gama-gari har zuwa na fitattu, kuma na masu baiwa a rufe yake sai sun buga wasa da ɗan dama kafin ya bayyana. Ga tarkon: ba za ka san ko yaron gwal ne ba sai ka sa shi a fili, ba kuma za ka so sa shi a fili ba tunda ba ka san ko gwal ne ba. Don haka mai cafewar da aka ɗauka a zagayen ƙarshe-ƙarshe yakan fara rayuwa a layi na biyar ko na shida na jadawalin 'yan wasa, cikin mutum 53 da doka ta yarda ƙungiya ta riƙe. An ba shi riga, a ce mai lamba 84, irin lambobin tamanin da ɗoriya da aka daɗe da sanin masu cafewa da su. Mako ya zo ya wuce, in ka buɗe shafinsa sifili ne a jere. Bai yi laifi ba, bai yi abin yabo ba. Ba a jefa masa ba.

Yawanci rauni ne ke buɗe masa ƙofa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saƙo ya faɗo cewa na gaba da shi ya ji ciwo a cinya, mako huɗu. A kwamfuta ciwo adadin makonni ne kawai, ba ɗingishi, ba daren da aka kwana ana juyi. Mai ƙungiya ya yi tsaki, ya ja sunan yaro sama da layi biyu, ya danna maɓalli.

In an zaɓi a kalli wasan a allo maimakon a tsallake, ga yadda cafewa guda take kasancewa. An miƙa wa mai jifa ƙwallo. Yaro ya yi taku uku gaba kamar zai miƙe, mai gadinsa ya ja da baya, sai ya dasa ƙafar waje ya yanko ciki a karkace. Kafin ya gama juyo da kai ƙwallon ta riga ta bar hannun mai jifa, domin inda zai isa ake jefawa, ba inda yake ba. Ta same shi a ƙirji, wani ƙato ya banke shi daga gefe, ya faɗi da ita a rungume. Yadi takwas. Duka abin bai fi daƙiƙa uku ba. Amma kafin waɗannan yadi takwas su shiga shafinsa, sai da koci ya kira dabarar da ke da sunansa a ciki, sai da ƙartin nan biyar suka tare masu kawo farmaki, sai da mai jifa ya dubi ɓangarensa bai dubi ɗaya gefen ba, sai da jifan ya tafi daidai. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya kuskure, takun nan uku da yankar nan mai kyau sun tafi a iska, ba shafin da zai rubuta su. Lamarin ya yi kama da na magini a kan katangar ƙasa: komai ƙwarewar hannunsa, tubalin da aka jefo masa daga ƙasa shi zai jera, in mai jefowa ya tafi shan ruwa gini ya tsaya. Amma in an gama, sunan magini ake ambata.

Da an tsallake wasan kuwa, ko wannan ɗan kallon babu. Layi ɗaya ne zai fito: sau nawa ya cafe, yadi nawa ya ci, sau nawa ya shiga gida. A nan ne ɗan Adam yake fara nasa aikin. Wani ɗan ƙanwata da ya tashi a Amurka ya zo hutu da na'urar wasansa, ya ja gasarsa ta yi nisa har ba sauran sunan da na sani a ciki. Wata rana da yamma ya kira ni in ga wani mai cafewa da ya tsinta a zagaye na biyar.

Ya ce, "Kawu, wannan yaron yana da zuciya. Duk ranar da wasa ya yi zafi, shi ke fid da mu kunya."

Na ce, "Wa ke jefa masa?"

Ya ce, "Ai mai jifana ba kamarsa a gasar nan."

Na ce, "To, zuciyar ta wane ne a cikinsu?"

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, kai ba za ka gane ba." Ya ci gaba da ba ni labarin yadda aka raina yaron, yadda ya yi haƙuri a benci, yadda ya rama wa ƙungiyoyin da suka tsallake shi. Ba ko ɗaya daga cikin wannan da kwamfuta ta rubuta. Ita lambobi ta bayar, shi ya zuba musu hali. Ban ga abin dariya a ciki ba, domin haka muke yi wa 'yan wasan gaske. Mu ma alƙaluma muke gani, sai mu ce wane jarumi ne, wane kuma ya lalace.

Tarihin Randy Moss ya isa misali. A 2006, yana Oakland Raiders, ya cafe 42 kacal, ya ci yadi 553, ya shiga gida sau uku. Aka yi ta cewa ya ƙare, ƙafa ta mutu, zuciya ta mutu. Raiders suka sallama shi ga New England Patriots a kan damar zaɓe ɗaya ta zagaye na huɗu. A 2007, da Tom Brady yana jefa masa, ya cafe 98, ya ci yadi 1,493, ya shiga gida sau 23, adadin da ba mai cafewar da ya taɓa kaiwa kafinsa. Mutum ɗaya ne, ya ma ƙara shekara guda. Hannun da ke jefowa ne ya sauya. Ko Jerry Rice, wanda ya fi kowa a tarihin wannan gurbi da cafewa 1,549 da yadi 22,895, ya yi ƙuruciyarsa a San Francisco 49ers tsakanin Joe Montana da Steve Young, dukansu biyu suna zauren gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio. Wannan bai rage wa Rice komai ba. Ya dai nuna cewa da abokin daka ake shan gari.

A gasar kwamfuta abin ya fi haka tsirara, domin ba ruwanta da raɗe-raɗin cewa wane ya yi fushi ko wane ba ya jituwa da koci. Kowace ƙungiya tana da kundin dabarunta. Wani kundin jifa ya fi yawa a ciki, wani gudu da ƙwallo a hannu. Waɗanda suka daɗe suna bugawa sun san cewa in ka sauya kundi kawai, ba ka taɓa ɗan wasa ko ɗaya ba, alƙaluman masu cafewarka za su tashi ko su faɗi. Ka ɗauki mutum biyu masu awo kusan iri ɗaya, ka kai ɗaya inda ake jifa da mai jifa gwani, ka kai ɗaya inda ake gudu da mai jifa sabon shiga. Na farko zai tara yadi, yadin ya jawo masa makin gogewa, makin ya ɗaga awonsa, awon ya sa a ƙara jefa masa. Na biyu zai tsaya inda yake, shekara tana tafiya. Bayan kaka biyar za ka rantse ba sa'o'in juna ba ne, alhali daga tukunya ɗaya aka kwaso su. Mai samu ake ƙara wa, kuma in an ƙara masa sai a ce ai dama shi na daban ne.

Sai maganar kuɗi ta shigo. Kwantiragin sabon ɗan wasa na shekara huɗu ne, a kan albashi kaɗan. Ranar da ya ƙare, yaron da aka tsinta a arha ya zo da buƙatar manya. Gasar gaske ta NFL tana da iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashi tun 1994, kwamfuta ma ta kwaikwayi wannan, kuma ba ta karɓar magiya. A nan mai ƙungiya yake gane ko ƙaunar da yake yi wa yaronsa ta kai ta kuɗi. In ya biya shi, dole ya saki wani, wataƙila ɗaya daga cikin ƙartin da ke kare mai jifa. Da ya saki ƙaton, mai jifa ya rasa lokacin duba fili, jifa ya ragu, alƙaluman mai cafewar da aka biya maƙudan kuɗi suka zube. Sai a ce kuɗi ya lalata shi. Shi kuwa yana nan yadda yake, da takunsa uku da yankarsa. Albashinsa ne ya cinye wanda ke tsare masa abinci.

Tsufa kuma ba ya sallama. Da mai cafewa ya doshi shekara talatin, duk ƙarshen kaka sai kwamfuta ta ɗan gutsiri awonsa, kuma gudu take fara taɓawa. Hannu yana nan, sanin hanya yana nan, amma mai gadin da a da yake barinsa a baya yanzu yana manne da kafaɗarsa. Koci mai hankali yakan dawo da shi daga gefe zuwa ciki, kusa da ƙarti, inda hanyoyi gajeru ne kuma wayo ya fi ƙafa amfani. A haka yakan ƙara kaka biyu ko uku. Mutanen gaske sukan saɓa wa wannan layi ta fuska biyu. Rice ya ci yadi 1,211 a kakar 2002, yana da shekara 40. Calvin Johnson na Detroit Lions, wanda ya ci yadi 1,964 a 2012, ya ajiye wasa yana da shekara 30, ƙarfinsa bai ƙare ba, jikinsa ne ya gaji da duka. Na cikin kwamfuta ba ya taurin kan Rice, ba ya kuma jin ciwon Johnson. Yana nan har ranar da lissafi ya ce ya isa. Bayan wasan ƙarshe na kaka sai sunansa ya fito cikin jerin masu ritaya, da shekarunsa da gurbinsa. In jimillarsa ta yi yawa a sa shi a zauren gwaraza na cikin wasan, in ba ta yi ba ya ɓace, wani yaro ya gaji lambar.

Abin da ya rage shi ne shafin jimilla, kuma shafin suna ɗaya yake ɗauka. Ba ya faɗin sau nawa mutumin ya kuɓuce sarai ba a dube shi ba, ba ya faɗin shekarun da ya yi ƙarƙashin mai jifa maras saiti, ba ya faɗin kundin dabarun da aka yi amfani da shi. Mai jifan yana nasa shafin daban, ƙartin kuwa da ƙyar suke da abin rubutawa. Wanda ya zo daga baya ya karanta zai ɗauka mutum ɗaya ne ya yi aikin.

Shi ya sa tsofaffin hannu a irin waɗannan gasa ba sa fara ciniki daga saman tebur. Mai cafewar da ya cika shafi da yadi tsada gare shi, kuma rabin abin da za ka biya na mai jifansa ne, wanda ba za a haɗa maka da shi ba. Sukan gangara ne wajen ƙungiyoyin da ke shan kashi, su buɗe jadawali, su nemi wanda awon hannunsa da na bin hanyarsa suke da kyau amma alƙalumansa ba su taka kara sun karya ba. Sai su duba wa ke jefa masa, da kundin da ake bugawa da shi. In sun ga matsalar daga can take, su taya. Sau da yawa a araha ake sallama musu, domin mai shi ma shafin yadi yake kallo.